Siffanta Abu A Rubuce: Aikin Ido, Kunne, Hanci, Harshe Da Hannu

Tun farkon shekarun 1960 da aka ɗaura ɗamarar yaƙi da jahilci a ƙasarmu, mutanen karkara masu yawa sun kama alƙalami. Suna rubuta wa danginsu wasiƙa, suna riƙe da kayen lissafin ƙungiyoyin manoma, suna kuma aika wa hukuma labarin abin da ya sami garuruwansu. Wannan ci gaba ne da ba mai musunsa. Amma akwai wata cuta guda da take damun takardun nan, kuma ba na sababbin masu karatu kaɗai ba, har da na ma'aikatan da suka daɗe bisa tebur. Cutar kuwa ita ce ƙarancin bayani. Maigari ya aiko takarda ya ce hatsi ya lalace. Mushen lakwal ya rubuto ya ce ruwan rijiya ba shi da kyau. Wani kuma ya ce ciwo ya shigo gari, yara suna kwance. Dukansu gaskiya suka faɗa, amma ma'aikacin da takardar ta isa hannunsa a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram bai san maganin da zai ɗauka ba, bai kuma san ko ya taso yau ko ya dakata sai mako mai zuwa ba. Kafin a aika a tambaya, amsa ta dawo, kwanaki sun shuɗe, alhali kwana goma a cikin damina ko a cikin annoba ba abin wasa ba ne.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, mai karanta takarda bai gani ba, ba ya kuma kusa balle ya yi tambaya. Abin da yake da shi kawai shi ne abin da mai rubutu ya zuba masa. Saboda haka wajibi ne mai rubutu ya ara masa idonsa da kunnensa da hancinsa da harshensa da hannunsa, ya faɗa masa launin abu da ƙararsa da warinsa da ɗanɗanonsa da yadda yake in an taɓa shi. Wannan shi ake kira siffantawa, shi ne kuma abin da za mu duba a wannan shafi.

Gani Da Ji

Duk wanda ya lura da harshenmu zai tarar da wani abin mamaki. Ido kaɗai ne yake da kalmar aikinsa, wato gani. Sauran gaɓoɓi huɗu kalma ɗaya suka yi tarayya a kanta, wato ji. Bahaushe yana jin magana, yana jin ƙamshi, yana jin zaƙi, yana jin sanyi, yana jin ciwo. Faransanci ya raba waɗannan ayyuka ga kalmomi dabam-dabam, mu kuwa mun haɗa su a tukunya guda. Wannan bai rage wa Hausa kome ba, domin abin da ta tsuke a wurin aikatau ta saki shi a wurin suna.

Mu ɗauki hanci. Abu mai daɗi ƙamshi ne, marar daɗi wari ne, amma warin ma kashi-kashi ne. Ɗoyi na mushe ne da abin da ya ruɓe. Ƙauri na abin da ya ƙone ne, kamar tsumma ko gashi ko tuwon da ya kama. Ƙarni na ɗanyen nama ne da kifi da jini. Zarni na fitsari ne, hamami kuwa irin na bunsuru. Haka harshe: ban da zaƙi da ɗaci da tsami da yaji, muna da bauri na ɗanyen ɗan itace, da gardi na soyayyar gujiya, da zartsi na ruwan da ya ratsa kanwa ko gishiri, da lami na abincin da ba a sa masa gishiri ba. Hannu kuma yana rarrabe laushi da kaushi, santsi da danƙo, tauri da gautsi, yauƙi da danshi. Sannan ga ƴan kalmomin nan masu ƙarfafa siffa, waɗanda mai fassara yakan sha wuya kafin ya samo musu madadi a wani harshe: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, jiƙe sharkaf, bushe ƙayau, cike maƙil, shiru tsit.

Duk wannan dukiya tana bakin tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. In tana ba da labari a tsakar gida, da ita take aiki. Abin takaici shi ne mutum da zarar ya ɗauki alƙalami sai ya ajiye ta gefe, yana tsammani takardar hukuma ba ta son irin waɗannan kalmomi, sai ya koma ga "mai kyau" da "marar kyau" da "da yawa". Alhali kuwa wanda ya rubuta cewa ruwa yana ɗoyi ya faɗi wani abu dabam da wanda ya rubuta cewa yana da zartsi, kuma aikin da za a yi wa rijiyoyin nan biyu ba ɗaya ba ne.

Abin Da Matafiyan Da Suka Bari

Tarihin ƙasarmu da kansa shaida ne a kan amfanin siffantawa. A shekarar 1353 matafiyin nan na Maroko, Ibn Baɗuɗa, ya sauka a garin Takadda bayan ya baro ƙasar Mali. Bai tsaya ga cewa gari ne mai arziki ba. Ya faɗi cewa da jan dutse aka gina gidajensa, kuma ruwansa yana bi ta kan ma'adinin jan ƙarfe, har launinsa da ɗanɗanonsa sun sauya. Ya ambaci yawan kunamun wurin. Ya bayyana yadda ake narka jan ƙarfen a zuba shi sanda-sanda, sirara da kaurara, sirara a sayi nama da itacen wuta da su, kaurara a sayi hatsi da man shanu. Garin ya mutu tun da daɗewa, amma bayanin bai mutu ba. A cikin shekarun 1970 masu binciken kufai suka yi aiki a Azelik, a jihar Agadas, kusa da Tigidda ta gishiri, suka tarar da alamun haƙa da narkar jan ƙarfe, har masana da dama suka tafi a kan cewa nan ne Takadda. Da mutumin nan ya ce "gari mai kyau" ya yi shiru, da ba a sami abin da za a gwada da kufan ba.

Bayan shekara kusan 500, a watan Oktoba na 1850, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdul Karim, ya shiga Agadas. Ya siffanta hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa mai faɗin gindi da tsukakken kai, da itatuwan goriba da suka ratsa ta suka leƙo waje. Wanda ya tsaya gaban hasumiyar nan mai tsawon mita 27 zai gane ita ce aka siffanta. Barth ya bi ta Tasawa a farkon 1851, ya kuma sauka Zinder a ƙarshen 1852, kuma ko'ina ya je yana rubuta irin ƙasar da ya taka, da itatuwan da ya gani, da ɗanɗanon ruwan rijiyoyin da ya sha.

A cikin ayarinsa akwai wani yaro ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance, wanda aka kama bauta yana ƙarami sannan aka ƴanta shi. Ya bi Barth har Tumbutu, ya ƙetare hamada tare da shi, ya isa Ingila a 1855. A can ya ba da labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, wani malamin mishan mai suna Schön ya rubuta, aka buga a cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya rasu a Kano a 1912. Aikin da ya fuskanta shi ne aikin kowane mai siffantawa: ya ga teku da jirgin ruwa da zaman cin abincin Turawa, abubuwan da ba su da suna a garinsu, ya kuma zama dole ya faɗe su da kalmomin da ya tashi da su. Shi bai riƙe alƙalamin ba, amma idon nasa ne, harshen ma nasa ne.

Takardar Gona

Mu dawo ga maigarin da ya ce hatsi ya lalace. Malamin gona ya san abubuwa da dama da suke lalata hatsi, kuma kowanne da alamarsa. In tsakiyar karan ta bushe tun yana ƙarami, aka ja ta ta fito da sauƙi, aka tsaga kara aka ga rami a ciki, to tsutsar kara ce. In zangarniya ta fito amma aka ga wata hanya ta kewaye ta kamar an naɗa mata zare, tsabar wurin ta zube, to murzuna ce, tsutsar da ɓarnarta ta tsananta a ƙasashen Sahel bayan farin farkon shekarun 1970. In ganye ya koɗe, ƙarƙashinsa ya yi wani farin gari-gari da safe, zangarniya kuma ta rikiɗe ta zama tarin ƙananan korayen ganye, wannan wata cuta ce dabam wadda take zaune a cikin ƙasa da iri. In kuwa hatsin ya tsumbure, ga wata ciyawa mai fure ja-ja a gindinsa, to ƙuduji ne. Kalma ɗaya, lalacewa, ta rufe cututtuka huɗu, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

A sha'anin fara kuwa, launi shi ne rabin labari. Farar ɗango, wadda ta afka wa ƙasarmu a 1988 da kuma 2004, tana sauya kama gwargwadon shekarunta, in ana iya kiran makonni shekaru. Ƴaƴanta in sun taru suna tafiya a ƙasa, baƙaƙe ne da farko, daga baya su koma rawaya mai ɗigon baƙi, ba su da fiffike, sai tsalle. Wannan ne lokacin da ya fi sauƙin kashe su. In ta yi fiffike tana sabuwa, launinta ja-ja ne mai haske. A lokacin nan ta fi ci, ta fi nisan tashi, amma ba ta soma ƙwai ba. In ta koma rawaya, to ta balaga, tana neman rairayi mai danshi ta binne ƙwai, kuma bayan kamar mako biyu ƴaƴa za su fito a daidai wurin. Saboda haka wanda ya rubuta "fara ta sauka" ya ba da tsoro kawai. Wanda ya rubuta cewa fara mai launin rawaya ta sauka a jigawar gabas da gari ranar Talata da la'asar, ta kwana bisa itatuwa har rassa suna lanƙwasa, da safe an gan ta tana soka gindinta cikin rairayi, sannan ta tashi ta nufi yamma da hantsi, wannan ya gaya wa ma'aikatan kare tsirrai inda za su kafa alama da ranar da za su dawo da magani.

Rijiya Da Gidan Likita

Ga misalin takarda uku a kan rijiya, dukansu a da "ruwa ba shi da kyau" za a rubuta. Ta farko ta ce: "Zurfinta gaba 18. Tun ruwan saman ranar Laraba ruwanta ya koma ja kamar an dama jan ƙasa. In ya kwana a tulu, laka takan kwanta a gindi kaurin yatsa. Da dare makwabta suna jin ƙasa tana zubawa a ciki." Wannan rijiya bangonta ne yake rushewa, magini da siminti take bukata, kuma a hana yara matsawa bakinta. Ta biyu ta ce: "Ruwan garau yake, amma yana da zartsi, sabulu ba ya kumfa da shi, in ya bushe a bakin randa yakan bar wani farin ɓawo." Wannan daga ƙasar wurin ne, kamar yadda aka sani a yankunan Dallol masu kanwa da gishiri, yasa ba za ta gyara shi ba. Ta uku ta ce: "Kwana biyu ke nan ruwan yana ɗoyi, guga kuma yana fitowa da gashi." Wannan dabba ce ta faɗa, sai a daina sha nan take, a kwashe ruwan, a zuba magani.

Haka abin yake a wajen ciwo, sai ma ya fi gaggawa. Gudawa iri-iri ce. In aka rubuta cewa tana zuba kamar ruwan da aka wanke shinkafa, ba tsayawa, ga amai, idanu sun faɗa, in an tsunkuli fatar ciki ba ta komawa da wuri, likita ya san ana maganar kwalara, wadda take iya kashe babban mutum cikin yini guda, ba zai kuwa kwana bai taso ba. In aka ce zazzaɓi ne mai zafi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, marar lafiya ba ya son haske, kuma lokacin hunturu ne ko bazara, zai tuna da sanƙarau, wanda ya yi mana ɓarna mai yawa a 1995 da 2015. In aka ce ido ya yi ja, ga tari da majina, ƙuraje sun soma daga fuska da bayan kunne suna gangarowa jiki, zai gane ƙyanda. Ko maɗigar jariri ma tana magana ga hannun da ya taɓa ta: in ta faɗa ciki, ruwan jiki ne ya ƙare, in ta kumbura ta yi tauri, a gaggauta kai shi, domin alama ce ta ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Mai rubutu ba likita ba ne, ba a kuma nemi ya raɗa wa ciwon suna ba. Abin da aka nema gare shi shi ne ya faɗi abin da ya gani da abin da ya taɓa, ya bar wa likita yanke hukunci.

Makiyaya da dillalan kara sun riga kowa sanin wannan fanni. Ba wanda zai yi cigiya ya ce "dokina ya ɓace" ya tsaya nan. Zai ce kili ne ko akawal ko danda ko gunya, zai faɗi tabon da yake goshi da ƙafar da take da fari. In tunkiya ce zai ce balama ce ko uda mai rabin jiki baƙi rabi fari. In akuya ce zai ce jar Maraɗi ce, an tsaga mata kunnen hagu. Ya san in bai faɗi haka ba, dabbarsa ta tafi ke nan. Irin wannan kula ake so mai alƙalami ya yi wa kowace takarda.

Ƙa'idodi Biyar

Ta farko, a duba kafin a rubuta. Yawancin bayanin da ya fito a dunƙule, mai shi bai je wurin ba ne, ko ya je bai tsaya ba. A shiga gonar, a tsaga karan, a juya ganyen, a jefa guga.

Ta biyu, a gwada abin da ba a sani ba da abin da aka sani. Girman ƙwayar gero, kaurin yatsa, launin toka, laushin auduga, waɗannan kowa ya san su daga Gaya har Bilma. Amma a tuna da wanda ake rubuta wa: mutumin bakin kogi ya san ƙarnin kifi, na Azawak kuwa ƙamshin nonon raƙumi ya fi kusa da shi.

Ta uku, a haɗa siffa da awo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, in akwai mudun a kusa, a yi aiki da shi. "Da yawa" ba adadi ba ne. A ce dami 40 aka samu a gonar da take ba da 100, a ce tiya nawa, gaba nawa, taƙi nawa, yara nawa cikin gida nawa, kuma tun yaushe.

Ta huɗu, a bi tsari. Ko dai a fara daga nesa a matso kusa, kamar yadda baƙo yake hango rimin gari, sannan ganuwa, sannan ƙofa. Ko a bi jiki daga kai zuwa ƙafa. Ko a bi lokaci daga asuba zuwa dare. Kuma ba dole ba ne gaɓoɓi biyar su shiga kowace takarda. Gishiri in ya yi yawa miya ta ɓaci. A zaɓi alama biyu ko uku da suka raba wannan abu da mai kama da shi, a bar saura.

Ta biyar, wadda ta fi duka nauyi, a raba abin da aka gani da abin da aka ji a bakin wani da abin da ake zato. Hausa tana da kalmomin da suke yin wannan aiki: "na gani", "an ce", "wai", "ina tsammani". Ibn Baɗuɗa ya ambaci cewa ana kai jan ƙarfen Takadda Barno da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda masana da dama suke ɗauka Gobir ce, amma bai taka ko ɗaya daga cikinsu ba, don haka masu tarihi ba sa ba wannan magana nauyin da suke ba maganar ruwan da ya gani da idonsa. Haka ma ƙarin gishiri. Wanda ya rubuta cewa fara ta rufe rana alhali ƴar kaɗan ce, don a yi saurin zuwa, ya jawo mota da magani sun bar garin da ya fi shi bukata, gobe kuma in ya faɗi gaskiya ba mai saurarensa.

Inda Gaɓoɓi Suka Gaza

Kada kuma a ɗauka duk abin da ido da harshe suka wanke ya wanku. A Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, daga tsakiyar shekarun 1980 jama'a sun yi shekaru suna shan ruwan famfo garau, ba launi, ba wari, alhali yana ɗauke da wani sinadari da ake kira fuluwo fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1.5 a lita guda. Ba harshen da yake iya gane shi, sai awon masana. Abin da ido ya iya gani shi ne sakamakonsa a jikin yara: haƙora sun yi tsatsa-tsatsa, ƙafafu sun lanƙwashe, ƙasusuwa sun gurɓace. Darasin da yake cikin wannan kashi biyu ne. Ruwa garau ba shaidar lafiya ba ce, sai an auna. Sannan abin da aka ga yana maimaituwa a jikin yara da yawa na unguwa ɗaya, ko da ba a san dalilinsa ba, ya cancanci a rubuta shi dalla-dalla a aika da wuri, domin irin wannan takarda ce take sa a zo a auna.

Akwai kuma wuraren da ido kaɗai ya isa, sauran gaɓoɓi su ja da baya. Ba a ɗanɗana maganin ƙwari, ba a shinshina shi. A kwafi abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, a faɗi launinsa. Saniyar da ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura da wuri, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci da dubura, ba a feɗe ta don a ga cikinta, domin alamun ciwon saifa ke nan, yana kuwa kama mutum. A rubuta abin da aka hango, a kira malamin dabbobi.

Wasiƙa Da Labari

Siffantawa ba ta tsaya ga takardun aiki ba. Ɗan ci-rani da yake Abijan ko Legas, in wasiƙar gida ta ce masa "an yi ruwa, muna lafiya", ya sami labari. Amma a ce an rubuta masa haka: "Ranar Juma'a bayan la'asar gabas ta yi ja, iska ta taso da ƙura har ba a ganin rumbun da yake bakin danga. Awaki suka shigo da gudu suna kuka, Inna tana kwashe shanya tana kiran yara. Sai iskar ta juya ta yi sanyi, aka soma yayyafi manya-manya bisa rairayi mai zafi, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Da dare ba a jin kome sai kwaɗin tabkin bayan masallaci. Da safe Baba ya haƙa da hannu, danshi ya kai kamu guda, muka fita shuka." Wanda ya karanta wannan ya je gida ya dawo, ya kuma san cewa ruwan ya isa shuka, ya san lokaci ya yi da zai aiko da kuɗin noma. Ba kalma ɗaya a cikinta da ɗan ajin yaƙi da jahilci bai sani ba.

Masu sha'awar rubuta labari da wasan kwaikwayo su ma hanyarsu ke nan. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Maimakon a ce mutum ya yi fushi, a nuna jijiyar wuyansa da yadda ya ajiye buta. Maimakon a ce gida yana cikin yunwa, a ce kwana uku ba a ji ƙarar taɓarya a cikinsa ba. Mai karatu ya fi gaskata abin da ya gano da kansa a kan abin da aka yanke masa.

Muna kira ga malaman yaƙi da jahilci da na lakwal su ba wannan fanni rabonsa a cikin aji, ba ya kuwa bukatar kayan aiki. A ajiye albasar Galmi guda, ko gutsuren kanwa, ko zangarniyar hatsi bisa tabarma, kowa ya duba, ya taɓa, ya shinshina, sannan ya rubuta layi biyar ba tare da ya ambaci sunan abin ba. A kai takardun wani aji a karanta. Wanda aka gane abin da yake nufi, shi ya ci. Shugabannin ma'aikatu kuma, in rahoto ya zo musu a dunƙule, su mayar da tambaya uku: wane launi, wane girma, tun yaushe? In aka yi haka sau biyu sau uku, mai aikowa zai saba, ya riƙa amsa su tun kafin a tambaye shi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fara da annoba, Ya kuma ƙara wa masu neman ilimi basira. Amin.